Hunturun Da Muka Bi Jirgin Ƙasa Zuwa Ikko

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata, tambaya ce da wata ɗalibata ta jefo mini a aji. Ina karantar da 'yan mata a wata Islamiyya a garin Anka. To ran nan da safe, ana irin jaurar nan da ke hana yaro riƙe fensir, mun zo babin sallar matafiyi a Risala. Na yi masu bayanin cewa nisan da ake yi wa ƙasaru a wajen malamanmu mil 48 ne, na kawo misalin mai tafiya a mota da mai tafiya a jirgin ruwa, na ce haka nan mai tafiya a jirgin ƙasa. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, shi jirgin ƙasa da gaske akwai shi a ƙasar nan, ko a talabijin kawai yake?" Aji ya kwashe da dariya. Na ce to madalla, duk wadda ta taɓa ganinsa da idonta ta miƙe tsaye. Cikin yara 40 da 'yan kai babu wadda ta motsa, dariya ta koma ciki.

Ni kam na taɓa shigarsa, kuma a irin wannan lokaci na hunturu, tafiyar da har gobe idan sanyin asuba ya buso sai ta faɗo mini a rai.

Ni 'yar Dareta ce, wani ƙauye a ƙasar Anka. Wadda ta san sunan garinmu daga nesa, to a rediyo ta ji shi a 2010, shekarar gubar dalma. Maza na kawo dutsen zinari cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki, babu wanda ya san akwai dalma a ciki. Yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Daga baya ne likitocin MSF suka zo da magani, aka bi gidajenmu aka kankare ƙasar aka zuba sabuwa. Cikin yaran da suka tafi har da 'ya'yan yayata guda biyu, ba a yi wata ɗaya tsakaninsu ba. Bayan haka mijinta ya ce shi da dutse har abada, ya tattara ya koma Legas wajen danginsa masu sayar da goro a Agege, ya tafi da ita. Aka shekara uku shiru, har mun daina tambaya.

A Janairun 2014, ranar wata Laraba da dare, ƙanena ya shigo gida da gudu riƙe da waya: Yaya ta sauka lafiya, an sami mace. Inna tana zaune gaban kaskon wuta, ba ta ce komai ba sai da ta gama share hawaye da bakin zanenta, sannan ta ce, "Ɗiyata ba ta yin jego hannun baƙi. Ni za ni yi mata wanka, kuma ina cikin gidan za a raɗa sunan ga, da kunnena zan ji guɗa." Duk wanda ya san Inna ya san magana ta ƙare. Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi ta Maru, muna hutu, aka ce ni zan raka ta, ƙanena kuma ya zama muharraminmu.

Sai aka zo batun abin hawa. Inna ba ta iya doguwar tafiya a mota, amai take yi, ga ciwon gwiwa, balle a naɗe ta cikin safa tun daga nan har Legas. Ga kuma kaya, don wadda za ta wankan jego ba ta tafiya hannu biyu: gero na kunun kanwa, kanwar kanta, yajin jego, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu a galan, sai turamen atamfa da kayan jaririya. Inna ta ce a bi jirgi. Ta ji a rediyo cewa jirgin Kano zuwa Legas ya dawo aiki tun Disambar 2012, bayan shekaru yana kwance, yana tashi daga Kano ranar Litinin, daga Legas kuma ranar Juma'a, kuɗin kujerar talaka bai kai Naira 2,000 ba. Muka yi lissafi da yatsu: mu tare shi a Zariya ranar Litinin da rana, ya sauke mu Talata da dare, suna Laraba da safe. Lissafin ya fita daidai, sai dai bai bar rarar ko rabin yini ba, kuma babu wanda ya kula da hakan a cikinmu.

Ita Inna tsohuwar soyayya ce tsakaninta da jirgi. Ta shige shi tana amarya a shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa Naira, wato 1973, daga Gusau zuwa Kaduna, kuma tun muna yara take ba mu labarin. "Mu munka ga jirgi," in ji ta, "in ya yi kuka Gusau, mata na aza tukunya da shi." Wannan layin dogo da take magana reshe ne da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtua da Tsafe da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, shekaru bayan babban layin ya isa Kano a 1911. Gyaɗa da auduga da fatu aka yi shi don kwasa, mutane raɓawa suka yi, kuma a Ƙaura ya tsaya, bai ƙarasa Sakkwato ba, bai kuma taɓa juyowa wajenmu na yamma ba. Mu mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi ko a zamanin da jirgi ke tashensa sai mun yi tattaki muke cim masa.

Haka kuwa aka yi. Asabar da sassafe muka hau kabu-kabu zuwa Anka, kafin mu isa girarmu ta yi fari fat kamar waɗanda suka fito daga injin niƙa. Daga Anka muka shiga mota ta Mayanchi da Maru da Bunguɗu muka kwana a Gusau. Lahadi muka kama hanyar Zariya. A wannan hanya akwai wuraren da tsohon dogon yake raɓo titi, Inna ta manne da taga tana kallonsa, busasshiyar ciyawa ta rufe shi, awaki na kwance a kai. Ba ta ce komai ba. Muka kwana a Tudun Wadar Zariya gidan wata gwaggonmu. Kin ga ke nan, 'yar uwa, mun ci kwana biyu a hanya ba mu ko ji kukan jirgin ba, kuma jirgin nan sau ɗaya yake wucewa a mako, wanda ya rasa shi ya rasa mako guda.

Saboda wannan tsoro tun ƙarfe goma na safe muna tasha a Sabon Gari. An ce mana zai iso wajen azahar. Azahar ta yi muka yi salla, la'asar ta yi muka yi salla. Gari ya yi dususu, rana kamar farin faranti a sama, kana iya kallonta ido da ido. Duk wanda ka tambaya sai ya ce yana hanya. Sai bayan la'asar sakaliya muka ji kukansa daga cikin hazo, kafin mu ga fitilarsa. Wallahi duk da gajiyar jira sai da gabana ya faɗi don murna, Inna kuwa ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa kowa ba, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Taragun sun cika tun daga Kano. Da ƙyar muka tura kayanmu, wani saurayi, Allah Ya yi masa albarka duk inda yake, ya tashi ya ba Inna kujerarsa a gefen taga, ni na zauna a kan buhun gero.

Zan faɗi gaskiya, farkon tafiyar akwai daɗi. Ana iya miƙe ƙafa, ana iya tashi a zaga, akwai makewayi ko da yake kada a tambaye ni halinsa. Inna ba ta yi amai ba ko sau ɗaya. Muka buɗe guzuri, hoce da ƙuli-ƙuli da dakuwa, maƙwabtanmu suka buɗe nasu, kafin Kaduna mun san wadda za ta biki Ilori da wadda za ta ganin ɗanta soja a Ibadan. Amma da dare ya raba sai hunturu ya nuna mana shi ma ya yanki tikiti. Tagar da Inna ta samu, wadda muka ɗauka gata ce, marfinta ba ya rufuwa duka, iska na shigowa ta ƙasa kamar ana tsaga mutum da reza, tare da ƙura mai laushi da ke shiga hanci da haƙora. Muka cusa tsumma, muka rataya zane, duk a banza. Bargo ɗaya muka zo da shi, don a tunaninmu Kudu za mu, Kudu kuwa an ce zafi ake yi. Mun manta cewa kafin a kai Kudu sai an keta Arewa da dare.

Mun bar Minna wajen ƙarfe uku na dare. Bayan mun wuce Zungeru barci ya ɗauke ni, kuma abin da ya tashe ni shiru ne. Duk wadda ta yi awa goma sha tana jin ƙarar ƙarfe a ƙarƙashinta, ranar da ƙarar ta ɗauke sai ta farka. Jirgi ya tsaya, fitilu sun mutu, ba tasha ba ce, ba gari ba ne, daji ne baƙi ƙirin. Da farko ba wanda ya damu, don ya sha tsayawa a hanya. Aka yi rabin awa, aka yi awa. Sanyin da ke gaban asuba ya sauko, wanda duk ya fi na dare cizo, taragon nan na ƙarfe ya koma kamar randa. Yara suka fara kuka, sannan tari ya fara zagawa daga wannan kujera zuwa waccan. A nan na fara jin na Inna, wani busasshen tari daga can cikin ƙirji. Na cire rigar sanyina na sa mata, ƙanena ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe mata ƙafafu. Matar nan mai zuwa Ilori ta tsiyaya mata ragowar ruwan zafin filas ɗinta, ta shafa mata man zafi a ƙirji da tafin ƙafa.

Abin da ya fi ci mini rai a daren nan, babu wanda ya zo ya ce mana ga abin da ya faru, ga kuma lokacin da ake sa ran tashi. Da an ce mana awa goma za mu yi, da mun san yadda za mu tattala ruwa, da an tara tsofaffi da jarirai a taragon da tagoginsa ke rufuwa, da ƙanena ya kashe wayarsa ya adana caji maimakon ya ƙarar da shi wajen haska mana fuska. Sai jita-jita: wannan ya ce mai ne ya ƙare, wancan ya ce saniya aka taka, wani ya ce yanzun nan za a tashi.

Da gari ya fara wayewa maza suka sauka suka ja sahu a gefen dogo, mu ma muka sauka muka tsaya daga baya. Ruwa ya ƙare wa mafi yawanmu, ɗan wanda ya rage a buta kuwa an bar wa yara su sha. A ranar na fara yin taimama da gaske. Na karanta babinta tun ina 'yar shekara goma, na ci jarrabawa a kanta ba sau ɗaya ba, amma sai a dajin nan na dafa tafina a kan ƙasa mai sanyi kamar ƙanƙara na san abin da aka sauƙaƙa mana. Bayan salla samari suka tsinto kirare aka hura wuta nan da can. Da hantsi sai ga matan wani ƙauye da ke kusa sun fito da koko da dafaffiyar doya da ruwa a robobi, ko ta ina suka ji labari oho. Ba mu jin yarensu, ba su jin namu sosai, ciniki da yatsu aka yi, kuma sun tsuga kuɗi, ban ga laifinsu ba. Amma wata tsohuwa a cikinsu da ta ji tarin Inna sai ta juya, can sai ga ta da garwashi a kasko ta ajiye a gabanta, na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna.

A bakin wutar nan ne na zauna kusa da wani dattijo da muka taho tare tun Zariya, ashe tsohon ma'aikacin reluwe ne da ya yi ritaya. Na ce, "Baba, sanyin nan ne ya kashe jirgin?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "'Yata, wane sanyi gare mu da zai kashe jirgi? Kan jirgin ne ya gaza, sai an turo wani daga Minna." Ya ce a ƙasar nan babu lokacin da ya fi dacewa da jirgi irin rani da hunturu, don ƙasa ta bushe ta yi tauri. Damina ce abokiyar gabar dogo, ruwa ya zo ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashinsa ya bar ƙarfe a rataye. Hazon da ke hana jirgin sama sauka, ya sa direban mota ya kasa hango abin da ke gabansa, shi jirgin ƙasa ɗan rage gudu kawai yake sa shi, tunda hanyarsa a shimfiɗe take ba ya neman ta. Ya kuma nuna mini dogon da sandarsa ya ce in duba, layi ɗaya ne tak. Mai zuwa da mai dawowa duk shi suke bi, sai a tasha ake kauce wa juna, saboda haka in ɗaya ya makara ya makarar da na gabansa, in kuwa ya mutu a tsakiya to ya toshe hanya gaba da baya.

Daga baya na riƙa kasa kunne idan ana labarin jiragen wasu ƙasashe a rediyo, na gane dattijon nan ya san abin da yake faɗa. A Turai hunturu da kansa yake tsayar da jirgi, dusar ƙanƙara ta rufe dogo, mahaɗar layi ta daskare har sai an sa mata abin ɗumamawa. A arewacin Indiya, watannin Disamba da Janairu, hazo mai laima ke sauka ya hana direba ganin alamun hanya, jirage su yi ta makara da awoyi. A Rasha kuwa akwai layin da ya haura kilomita 9,000 daga Mosko zuwa gabar tekun gabas, yana keta wuraren da ruwa ke zama dutse, kuma ba a rufe shi don sanyi. Mu namu hunturun bai isa ya tsayar da jirgi ba. Abin da yake yi, jira yake wani dalili ya tsayar da shi, sannan ya shigo ta taga ya sami tsohuwa da jariri. Tsayuwar da a watan Afrilu za ta zama gumi da ƙorafi kawai, a Janairu ciwo ce.

Sai bayan la'asar ranar Talata wani kan jirgin ya iso, mutane suka yi ta kabbara kamar an ga wata. Lokacin da ya kamata a ce muna shiga Legas, lokacin muke wuce Mokwa. Inna ta so ƙwarai ta ga kogin Kwara daga kan gadar Jebba, tun a gida take zancen, amma cikin dare muka hau ta, sai dai muka ji ƙarar ƙafafun jirgin ta sauya, iska mai ɗanyen ƙamshin ruwa ta shigo. Ta ce, "Shi ke nan, mun ji shi dai." Muka sake kwana na biyu a zaune. Bayan Ilori sanyin ya fara sassautawa, kafin Oshogbo mutane sun fara tuɓe rigunan sanyi, amma Inna tana nan ƙudundune cikin bargo, jikinta ya yi zafi.

Laraba da safe, muna tsakanin Oshogbo da Ibadan, na dubi agogo na ga ƙarfe takwas ta gota. Ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba, amma na san lissafin da take yi. Wata Bayarabiya da ke kujerar gabanmu, wadda ta lura da yadda muke jujjuya matacciyar waya, ta miƙo mini tata. Allah Ya sa na haddace lambar mijin Yaya. Ya ɗauka cikin hayaniyar mutane, ya ce tun jiya hankalinsu a tashe yake, sun je tasha sau uku, liman ya jira har ya gaji, yanzun nan aka shafa fatiha. Na ce wane suna aka sa? Ya faɗa. Sunan Inna ne.

Na sanya mata wayar a kunne ya maimaita mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "An yi guɗa?" Ya ce an yi. Ta miƙo mini wayar ta juya fuska wajen taga. Wata dattijuwa Bakanuwa da ke bayanmu, wadda ta ji duk abin da ake ciki, sai kawai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa a cikin taragon nan, har mutanen taragon gaba suka leƙo. Aka yi ta yi wa Inna barka, masu Hausa da marasa Hausa. Ita kuma ta ce in kwance ƙullin goron da ta riƙo da sauran dakuwar, ƙanena ya bi kujera-kujera yana rabawa. Dattijon reluwe ya yi addu'a aka shafa. Iyakar sunan da Inna ta samu ke nan, bayan kwana huɗu a hanya.

Mun sauka Agege wajen ƙarfe biyu na rana, mun tarar da taron mata. Ba zan iya kwatanta yadda Inna da Yaya suka rungume juna ba, duk wadda ta taɓa binne ɗa ta sani. Ta karɓi takwararta ta riƙe, ta ƙi ba kowa har magariba. Da dare zazzaɓi ya rufe ta, numfashi na yi mata wuya, da safe aka kai ta asibiti aka ce sanyi ne ya kama mata haƙarƙari. Kwana goma ta yi a kwance. Wankan jegon da ta keta ƙasa don ta yi, ni na yi shi, ni da ko aure ban yi ba a lokacin, tana daga kan katifa tana ba ni umarni tana faɗa: ruwan bai yi zafi ba, ganyen ba haka ake kaɗa shi ba, kunun ya yi ruwa. Mai jego kuma ita ke tashi cikin dare tana ba uwarta magani.

Kada wata ta ɗauka ina kushe jirgi ne. Na sake shiga wani a Disambar 2019, na Kaduna zuwa Abuja wanda aka buɗe a Yulin 2016, muna tare da maigidana za mu wani taron malaman Islamiyya. Shi sabon dogo ne mai faɗi, kilomita 186 daga Rigasa zuwa Idu. Ranar hazo ya yi kauri har ba a hango ƙarshen dandamalin tasha, amma lokacin da aka rubuta a tikiti lokacin ya tashi, cikin awa biyu da 'yan mintoci muna Abuja. Sanyin da na ji a ciki na na'ura ne. Na zauna ina ta tunanin Inna, na ce ashe ana iyawa. Mutane sun cika shi maƙil, manya da ƙanana, don a lokacin masu satar mutane sun addabi titin. Sai ga shi ranar 28 ga Maris 2022 an dasa wa wannan jirgin bam a kan dogo, aka buɗe masa wuta, aka kashe aƙalla mutum 8, aka tafi da sama da 60 cikin daji, na ƙarshensu ba su fito ba sai a Oktoba. Jirgin bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba na shekarar. A 2022 ɗin ne kuma aka dakatar da irin wanda muka shiga da Inna saboda rashin tsaro. Na Abujan ya sake samun tangarɗa a Agustan 2025, ya sauka daga kan layinsa da fasinjoji a ciki.

Idan na tuna yadda muka yini a dajin nan na jihar Neja a 2014, mata da yara a baje a gefen dogo muna jin ɗumin wuta, babu abin da muke tsoro sai sanyi, sai jikina ya yi yar. Yau mu mutanen Zamfara mun san abin da tsayuwa a daji take nufi, ko ta minti goma ce. Dareta da na fito, zuwanta ma yanzu sai an yi tambaya an yi addu'a. Muna jin labarin sabon dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, muna yi wa mutanen can murna, namu kuwa ko a zancen ba a sako mu ba.

Duk da haka, 'yar uwa, idan Allah Ya kai ki inda jirgi ke aiki kuma tafiya ta kama ki da tsohuwa ko da goyo a watannin nan, ni dai shi zan ce ki bi, don ya fi mota sauƙi ga jikinsu nesa ba kusa ba. Sai dai ki ji ta bakin wadda ta sha. Kada ki yi irin lissafinmu na yatsu. In sha'ani na Laraba ne, ki nemi jirgin da zai kai ki Litinin, in babu shi ki san da wata hanyar a ranki. Bargo kowa da nasa, ko Kudu za ki. Filas biyu na ruwan zafi, man kaɗanya, safa da hular sanyi ga yara, ƙyallen rufe hanci, ruwan sha fiye da yadda kike zato. Ki rubuta lambar waɗanda za su tare ki a takarda. Tsohuwa kuma kada a ba ta gefen taga, ko ta roƙa.

Ni na riga su dawowa a mota saboda makaranta. Inna ta zauna har aka yi arba'in, da za ta dawo mijin Yaya ya ce zai biya mata kujera biyu a safa don ta miƙe ƙafa, ta ce Allah Ya kiyaye, jirgin Juma'a za ta bi. Shi ta bi kuwa, ya sauke su Zariya da 'yar makara kaɗan, kuma ta ga kogin Kwara. Har Allah Ya karɓi ranta, idan aka tayar da zancen sai ta ce laifinmu ne da muka tafi da bargo ɗaya.

Tikitina na wannan tafiya yana nan cikin Risalata, shi nake sa alamar shafi da shi. Ranar da yarinyar nan ta yi tambayarta na zaro shi na ba su, ya zaga aji hannu zuwa hannu, suna shinshinawa suna karanta Zariya da Legas da ke jiki. Da ya dawo wajen mai tambayar sai ta jujjuya shi ta ce, "Malama, in jirgin ya zo Anka za a karɓi wannan?" Na ce mata a'a, ta duba da kyau, an riga an huda shi.